Layin Ruwan Ɗorawa a Gonar Baba

A ofishinmu na garin Isa "mai fenti" suke ce mini, ba kuma da mugunta ba. Sauran ma'aikata su ke hawa babur su shiga ƙauyuka da waya a hannu, su zagaya gonaki suna ɗaukar iyakokinsu, su dawo da ƙarangiya a wando da labarai a baki. Ni kuwa ina zaune gaban kwamfuta daga safe zuwa la'asar ina zaɓar launi. Abin da suka kwaso ni ke ba shi kama: wannan ya zama kore, wancan ɗigo, wancan layi. In na gama sai a ɗora taswirar a intanet, duk mai waya ya buɗe ya gani.

Aikin da muka sa gaba a shekarar na kwamitin sulhu ne tsakanin manoma da makiyaya na yankin Sabon Birni da Isa. Ana son taswira ɗaya da za ta nuna burtalai, wato hanyoyin da aka ware wa shanu tun zamanin kakanni, da mashayu, da gonakin da ke kewaye da su, don in rigima ta tashi a sami abin dubawa ban da rantsuwa. Ta hanya biyu aka samo burtalan. Akwai wata tsohuwar taswirar takarda da aka zaƙulo a ofishin ƙasa, gara ta ci gefenta. Akwai kuma dattawan Fulani da suka taka hanyoyin da ƙafa, ma'aikacinmu na biye da su da waya.

Manhajar da nake aiki da ita tana jera komai shimfiɗa-shimfiɗa, kamar tabarmi ɗaya bisa ɗaya. A can ƙasa hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, bisansa gulbi da tafkuna, sai hanyoyin mota, sai burtalai, sai gonaki. Ta sama ita ke rufe ta ƙasa. Kowace shimfiɗa tana da ɗan akwatinta inda ake zaɓa mata launi da kauri.

Launin burtali kaɗai ya ci mana mako guda. Na fara sa masa launin ƙasa-ƙasa, wakilin makiyaya ya ce ba ya ganinsa a wayarsa in yana tsaye cikin rana. Na sa ja, wakilin manoma ya ce ja launin laifi ne, kamar an riga an yanke musu hukunci. Shuɗi na ruwa ne, kore na gona. A ƙarshe muka tsaya kan ruwan ɗorawa. Inda takarda da dattawa suka yi daidai, layi cikakke. Inda suka saɓa, layi ɗigo-ɗigo, alamar ba a tabbatar ba.

Gonaki kuwa na ɗora su a sama, na cika su da kore mai duhu, don haka suka fi yi mini kyau a ido. Sai burtalan suka riƙa fitowa a yayyanke. Layi ya taho, ya shiga kore ya ɓace, ya ɓullo can gaba. Na ɗauka bayanan ne ba su cika ba.

Shugaban aikinmu tsohon safiyo ne da ya yi ritaya aka sake kiransa. Ya auna ƙasa da sarƙa tun ba a san kwamfuta ba, kuma har muka rabu ban ga ya taɓa linzaminta ba, da murfin biro yake nuna abin da yake so. Wata Laraba da hantsi ya tsaya bayana, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, mi ya sa burtalin ga shina nutsewa shina tasowa awa kwaɗo?"

"Ina jin bayanan ne ba su cika ba, Baba."

"Sun cika. Ke kinka binne su. Ɗauko shi bisa gonaki. Koren ga kuma rage mashi duhu shi zama shara-shara, a riƙa hangen ƙasa ta ciki. Sannan kada ki bar layin awa zare. Ba shi faɗinai na gaskiya, yadda yake a ƙasa."

Abin da yake nufi shi ne, ana iya barin layi siriri komai kusa ko nisan da aka dube shi, ana kuma iya ɗaure kaurinsa da awon ƙasa, ya ci daidai filin da yake ci a zahiri. Na ja shimfiɗar burtalai zuwa sama. Na ja ɗan maɓallin koren har ya yi shara-shara. Na sauya awon kaurin. Safiyo ya gyaɗa kai ya fita, ana kiransa a waya.

Taswirar ta zama wata daban. Ga hanyoyin shanu sun miƙe ba yankewa, faffaɗa kamar an shimfiɗa rawani, suna ratsa gonakin mutane ta ko'ina. Na yi salati a hankali. Daga nan na yi abin da duk wanda ya sami taswira yake yi, na nemi gida. Na zuƙo yankin Kurawa, na zuƙo ƙauyenmu, na bi hanyar da ta fita bayan maƙabarta.

Gonarmu ba ta ɓoyuwa. Kamarta kamar bakin fartanya, ga tsamiya a kusurwar gabas, ga rijiyar da ta ƙafe. Layin ruwan ɗorawa ya shigo ta arewa, ya bi ta tsakiyar kwarin da muke shuka dawa, ya fita ta kudu. Cikakke ne, ba ɗigo-ɗigo ba. Tsamiyar tana can gefe, bai ko kusance ta ba.

Na rufe ido na buɗe, yana nan.

Mahaifina malamin allo ne, Allah ya ji ƙansa. Ya karantar da rabin ƙauyenmu, da 'ya'yan rugagen da ke kewaye. In aka yi gardama a kasuwa kan awo ko kan iyaka, cewa ake a je a tambayi Malam. Ina ƙarama, ban shiga firamare ba, aka yi wata shari'a a ƙofar maigari tsakaninsa da Arɗo, shugaban Fulanin yankinmu. Arɗo ya ce gonar Malam ta hau burtali. Baba ya ce burtali ta bayan tsamiya ya bi. Maigari ya dubi mutane, mutane suka dubi Malam, magana ta ƙare. Tun daga ranar shanu ke zagayawa ta bayan tsamiya, ta wani tudu mai tsakuwa inda kofato ke tsagewa. A gidanmu da labarin nan muka tashi. Ana ba mu shi a matsayin ranar da gaskiya ta yi halinta. Kwarin kuwa ya fi ko'ina dawa a gonar, zangarniya kamar damtse, Baba yana cewa albarka ce.

Abin da ya fara zo mini shi ne an yi kuskure. Tsohuwar takarda ce, ƙila da aka ɗora ta bisa hoton tauraro ta goce. Na duba gadar gulbi, ta hau daidai. Na duba wani dutse da ke cikin takardar, daidai. Na duba tsohuwar rijiyar kasuwa, daidai. Na kashe shimfiɗar takarda na bar sawun dattawa kaɗai. Sun biyo burtali daga arewa har bakin shingenmu, nan suka tsaya, suka zagaya, suka sake kama shi a kudu, kuma ma'aikacinmu ya rubuta abin da suka ce masa: nan hanya ta miƙe, gona ta tare. Bai san gonar wa ba ce. Ɗan garin Gangara ne, bai san ni da ƙauyen ba.

Sai na kashe komai, na bar hoton ƙasa tsirara. Hoton rani ne, an girbe. Ko a haka ana ganin wani zane mai duhu ya ratsa gonar daga arewa zuwa kudu, faɗinsa daidai da na layin. Na karanta ilmin ƙasa a jami'a, na san abin da ke sa ƙasa ta yi duhu haka. Taki ne. Kashin shanun da suka bi wurin shekara da shekaru, tun kafin a haifi Baba. Ita ce albarkar.

Ban san tsawon lokacin da na yi zaune ba. Abokiyar aikina da ke tebur na gaba ta ce, "Lafiya? Fuskarki ta yi fari." Na ce kaina ne ke sarawa.

Abin da na yi bayan nan ban taɓa faɗa wa mutane da yawa ba. Na zaɓi guntun layin da ya ratsa gonarmu, shi kaɗai, na buɗe akwatinsa, na mai da shi ɗigo-ɗigo. Ba a tabbatar ba. Bai ɗauke ni daƙiƙa goma ba. Na adana, na tashi na yi alwalar azahar. Ina tsaye kan sallaya na kasa tuna raka'a nawa na yi.

Ranar Juma'a na roƙi izini, na bi motar 'yan kasuwa zuwa gida. A shekarun nan ba a bin hanyarmu sai an ji labarin lafiyarta, don haka sai da muka jira motoci suka taru muka tafi a jere. Na iske Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Damina ta yi nisa, dawa ta fara fidda kai. Bayan gaisuwa da fura, na matso kusa da ita na buɗe waya. Taswirar ba ta hau intanet ba tukuna, hotonta na ɗauko, wanda na ɗauka kafin in taɓa layin.

"Inna, kin gane nan?"

Ta karɓa ta nisanta da ido. "Mi na na wanga?"

"Gonarmu ta. Ga tsamiya. Wanga mai ruwan ɗorawa, burtali na."

Na zaci za ta ce ƙarya ne, ko ta yi faɗa, ko ta ce kayan nasara ba su san ƙasarmu ba. Na zo da shirin duk waɗannan, har ina fatansu. Ta miƙo mini wayar, ta ɗauki gyaɗarta ta ci gaba da ɓara.

"Ashe har abin ga ya sani," ta ce.

Na ji kamar an zare tabarmar da nake zaune a kai. "Inna, ya san mi?"

"Auta, burtali nan yake. Ni nan na iske shi da anka kawo ni gidan ga. Da idona na ga shanu na bin shi."

Ta ba ni labarin ba tare da ta daina ɓarar gyaɗa ba. An yi wata shekarar fari, Fulani suka yi kudu da dabbobinsu, damina biyu ba su dawo ba. Gidan cike da baki, ga iyali ga masu karatu, rumbu ya yi ƙasa. Burtali yana nan kwance ba mai binsa. Malam ya ce bari ya shuka shi damina ɗaya, in masu shi sun dawo a bar musu. Dawar da ta fito a wurin ita ta fid da gidan. Ya ƙara damina ta biyu. A ta uku Arɗo ya dawo, ya iske shinge, kuma maimakon ya zo gida ya yi magana a asirce, sai ya kai ƙara gaban jama'a.

"Kunya ta kama Malam," in ji Inna. "Ga almajirai nai tsaye, ga mutanen gari. Baki ya riga shi."

"Ya rantse?"

"Ba a ce shi rantse ba. Wa za ya ce ma Malam shi rantse?"

Kaji na tsattsagar ɓawon gyaɗa kusa da ƙafata. Na tuna yadda Baba ke zaunar da mu yana cewa taƙi ɗaya na ƙasar wani, a wuya za a rataya wa mutum shi ranar tsayuwa. Ni na ɗauka wa'azi yake mana. Ashe da kansa yake.

"To Inna, shekara nawa, ba wanda ya ce komai?"

"Shi ya ce. Da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni, ya kira yayanku, ya ce in an girbe a buɗe hanyar. Har sau biyu ya faɗa."

Inna ba ta kiran sunan ɗanta na fari, yayanku take cewa. Shi ke noma gonar tun rasuwar Baba, shekara tara ke nan a lokacin. Wannan ya fi na farko buga ni. Na ce, "Yaya ya sani?"

"Kowace damina sai na tuna mashi. Kowace damina shi ce baɗi."

Ya shigo bayan la'asar da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Ya girme ni da shekaru masu yawa, shi ya riƙa kai ni tasha duk lokacin komawa makaranta. Na bari ya wanke ƙafa ya ci abinci, sannan na nuna masa hoton. Ya dube shi sau ɗaya ya kife wayar bisa tabarma.

"Wa ya gani?"

"Ni kaɗai, Yaya. Amma mako mai zuwa za a nuna ma kwamiti."

"Ba ke ke zana shi ba? Kauda shi."

"Ba ni na aje shi nan ba. Launi kawai nike sa mashi."

"To sa mashi launin da ba a gani."

Ban gaya masa na riga na yi rabin hakan ba. Na ce, "Yaya, Baba ya bar wasiyya."

Ya ɗago ya dubi Inna, ita kuwa ta dubi ƙwaryarta. Muryarsa ta sauka ƙasa, abin da ya fi tsawa ban tsoro a wurinsa.

"Ke kina zaune ƙarƙashin fanka kina wasa da launi. Ni ke da mata da ɗiya bakwai, da tsohuwa, da ɗiyan 'yar'uwarmu marigayiya. In an cire kwarin ga, mi ya rage? Tudu da tsakuwa. Dawar wurin ita ta kai ki jami'ar da kinka koyo wanga abu. Yanzu ki tashi gaban duniya ki ce ubanki maƙaryaci na?"

Babu ƙarya cikin abin da ya faɗa. Ya tashi ya fita. Har na bar garin ranar Lahadi bai sake zama inda nake ba.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis. Na buɗe taswirar, na zuƙo gonar. Ɗigo-ɗigon yana nan yadda na bar shi, kuma sai a lokacin na ga munin abin. Daga arewa layi cikakke, daga kudu layi cikakke, a tsakiya ɗan guntu na ta kame-kame. Duk mai hankali zai tsaya ya tambaya. Na mai da shi cikakke. Da safiyo ya iso, na bi shi ofishinsa na faɗa masa komai a tsaye, har da gyaran da na yi ranar Laraba.

Ya cire tabarau ya goge. "Na gani tun ranar Alhamis," ya ce. "Manhajar taku ai tana rubuta wanda ya taɓa abu da lokacin da ya taɓa. Yaron da ke buga mani takardu ya nuna mani."

Kunya ta rufe ni. "Baba, ba ka ce komai ba."

"Ina jiran Litinin. Da kin kai Talata, da na yi magana." Ya mai da tabarau. "Kina so wani shi nuna taswirar ranar taro?"

Na so in ce e. Na ce a'a, za ni iya.

A wani ajin firamare aka yi taron, da hantsi. Aka rufe tagogi da tabarmi don hasken majigi ya fito a bango. Masu gari a gaba kan kujeru, manoma a dama, makiyaya a hagu, wasu a waje suna leƙe ta ƙofa. Na fara da bayanin alamomi: kore gona, shuɗi ruwa, ruwan ɗorawa burtali. Da na kunna shimfiɗar burtalai bisa gonaki, ajin ya ɗauki guna-guni, sannan ya ɓarke. Ba gonarmu kaɗai ba ce. Akwai ta ƙanin wani maigari, akwai ta ladan, akwai ta wani ɗan kwamitin da kansa. Kowa na nuna bango yana magana.

Wani manomi da layin ya cinye masa kusan rabin gona ya miƙe yana huci. "Wagga mai zanen ba ɗiyar Malam ba ta? To a nuna muna gonar ubanta. Ko ita an kauce mata?"

Aji ya yi tsit. Na zuƙo a hankali har bakin fartanyar nan ya cika bango, ga tsamiya, ga layin ya ratsa kwari. Na ce, "Ga ta nan. Burtali ta tsakiyarta ya bi."

Wani dattijo ya ce innalillahi. Wani ya ce, "Gonar Malam?" kamar yana tambayar kansa. Wanda ya yi tambayar ya zauna a hankali. A bakin ƙofa, cikin masu leƙe, na hango hular Yaya.

Arɗo yana cikin taron. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari, ɗansa magidanci ne ya kawo shi ya zaunar. Ya ji shirun ya tambaya da Fillanci, ɗan ya sunkuya ya gaya masa. Ya daɗe yana murza sandarsa. Sannan ya yi magana da Hausa, a hankali, sai da aka matsa aka ji.

"Ni ban ga bangon ga ba, kuma ba ni bukata. Ƙafata ta san wurin. Amma kada wanda ya zagi Malam a nan. Shekarar da za ya rasu ya zo rugata da kainai, bisa jaki, shina tari. Ya ce Arɗo, na yi maka ƙarya gaban mutane, ka yafe mani. Na ce maganar da ka faɗa kaina na yafe. Hanya kuwa ba tawa ba ta, ta shanu ta, ba ni da ikon yafe ta. Ya ce za a buɗe." Ya juya fuska wajen da yake jin motsina. "Ke ce ƙaramar? Wadda ke biyo shi da buta?"

Na ce ni ce, Baffa.

"To, kin ji."

Wannan ko Inna ba ta sani ba. Da na gaya mata daga baya, ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Ranar ya ce mani gaisuwar mara lafiya za ya." Shi ne karo na farko da na ga ta yi kuka kan maganar.

Taron bai ƙare da daɗi ba. Wasu sun fita cikin fushi, wasu sun ce sai an sake awo. An dai tsayar cewa ba za a taɓa amfanin da ke tsaye ba, sai bayan girbi. Da na fito neman Yaya, an ce ya tafi tun Arɗo na magana.

Bayan an kai dawa rumbu, Inna ta kira ni ta ce yayanku ya sari aguwa yana dasawa. Shi kaɗai ya yi aikin, bai nemi gayya ba. Ya kafa shinge biyu, ya bar hanya a tsakani. Da ma'aikacinmu ya je ya auna, ya iske hanyar ba ta kai faɗin da ke taswira ba, Yaya ya rage 'yan taku ta kowane gefe. Aka gaya wa ɗan Arɗo, ya ce shanu biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa? Aka ce har huɗu. Ya ce a bar shi haka. Daga cikin masu gonakin da layin ya ratsa, wasu sun buɗe, wasu har yau suna cewa baɗi.

Arɗo bai ga shanunsa sun bi hanyar ba. Kafin damina ta zagayo, zaman daji ya gagara saboda rashin tsaro, iyalinsa suka kwashe suka tsallaka Nijar, can ya rasu. Garken farko da ya ratsa kwarin na wasu baƙi ne da ba su san an taɓa rufe shi ba. A shekarar gidanmu ya sayi dawa tun kafin bazara ta ƙare, abin da ba a taɓa yi ba. Na aika da abin da na iya, Yaya ya karɓa ta hannun Inna.

Kusan shekara muka yi gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata safiya ina ofis wayata ta yi ƙara, na ga shi ne, na zaci Inna ce ba lafiya.

"Ke," ya ce, ko gaisuwa babu. "Abin nan naki shina nuna iyakar kowa?"

"Shina nunawa, Yaya."

"Duba mani ta yamma. Maƙwabcin ga, ina ganin kunyarshi ta shigo muna."

Na buɗe, na zuƙo, na ɗora iyakar bana bisa ta tsohuwar takarda, na sa ɗaya fari ɗaya baƙi don kada in ruɗe. Na duba sau biyu.

"Ba ta shigo ba, Yaya. Daidai take."

Ya ja tsaki. "Duba dai da kyau."

"Na duba."

Ina jin kukan akuya a bayansa. Sannan ya ce Inna na tambaya ko za ni zo sunan ɗiyar da aka haifa masa ranar Asabar, in za ni zo in taho da maganin ƙafarta, wancan ya ƙare.